Zan buɗe garejin kaina a Garwa: me zan fara saya, kuma ina kuɗin bakanike ke bi?

Sabon Gareji, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Maigidana ya yaye ni bayan shekara shida a hannunsa, kuma da izininsa nake son kafa wurin kaina a nan Garwa. Abin da na tara sefa 1,500,000 ne, da akwatin sifanu cikakke, da jak ɗaya, da yara biyu da za su biyo ni. Aikin inji da birki da ƙarƙashin mota na iya su daidai gwargwado, wayarin ne hannuna bai faɗa sosai ba.

Fili biyu na gani. Ɗaya a bakin kwalta, hanyar Marwa, yana da tsada kuma mota uku kawai zai ci. Ɗayan can cikin unguwa ne, mai faɗi da araha. Wanne ya fi? Sannan da wannan kuɗin wane kaya zan fara saya, kwamfutar duba mota tana cikin na farko ko ta jira? Yaya ake yanke kuɗin hannu yadda mai mota ba zai gudu ba, ni kuma ba zan kwana da yunwa ba? Abin da ya fi damuna shi ne, a garin nan akwai gareji da yawa da kullum cike suke da motoci, amma maigidan ko babur ba ya iya canzawa. Ina kuɗin ke bi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu, Garwa

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ɗana, ya sa ka buɗe a sa'a.

Ɗauki mai faɗin. Bakin kwalta na mai faci ne da mai juye, masu jiran wanda hanya ta kawo. Bakanike aiko mutum ake yi wurinsa, in aikinsa na da kyau ko lungu yake za a tambaya har a same shi. Kuma wurin da ke cin mota uku zai shaƙe ka cikin mako biyu, don kullum akwai motar da ke jiran kaya daga Duwala ko Mubi, ta zauna ta tare wuri. Amma kafin ka biya ko dala, ka dubi filin da idon damina. Tambayi maƙwabta yadda hanyar take a watan Agusta, ko motar da aka ja za ta iya shiga, da inda ruwa ke bi in an yi mai ƙarfi. Ka kuma rubuta takardar haya ta aƙalla shekara uku da shaidu kafin ka zuba siminti, domin da zarar wuri ya yi kyau mai fili yakan tuna ɗansa na buƙatarsa.

Kuɗinka ka kasa shi uku. Kashi ɗaya na wuri, kashi ɗaya na kayan aiki, na uku kada ka taɓa shi, shi zai riƙe ka wata uku na farko kafin mutane su san ƙofarka. A na wuri, abin da ba makawa shi ne rumfar kwano mai tsawo, don ranar Maris da Afrilu a Garwa takan wuce digiri 40, sifanar da ta sha rana ma ba ta taɓuwa, da daɓen siminti na mota ɗaya, mita 3.5 da mita 6, kaurin santimita 12 zuwa 15. A kan turɓaya ba a buɗe inji, kuma jak yakan nutse. Rami in za ka haƙa, faɗinsa santimita 80 zuwa 90, zurfinsa kusan mita ɗaya da rabi, da matakala da katakon rufewa. Ka sani tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan ramin yake kwanciya, saboda haka ba walda, ba sigari, ba wankin kaya da fetur a ciki.

Kada ka ce kowace mota taka ce, taura biyu ba ta taunuwa. Tsaya bakin titi ka ƙirga abin da ke wucewa: Corolla, Carina E, Yaris, Avensis, Hiace na 'yan fasinja, Hilux da Land Cruiser na masu shiga daji. Ka ƙware a Toyota tukuna. Kayanta na kasuwa, sifanu 10, 12, 14, 17, 19 da 21 sun gama maka yawancin aikinta, kuma ciwonta ɗaya ne kake ta maimaitawa har hannunka ya yi sauri. Saurin nan shi ne ribar.

Kayan da za ka fara da su: jak mai taya na tan 3, ƙafafun tokare mota guda huɗu na tan 3, da biyu masu ƙarfi na Land Cruiser. Wannan kafin komai. Yaron da ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan bulo, alhakinsa na wuyanka. Sai sifana mai awon ɗauri guda biyu, ƙarama mai kaiwa Nm 100 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) da babba mai kaiwa 200, da agogon awon kwamfireshan, da na awon ƙarfin fetur, da famfon gwada lagireto, da mita ta wuta, da maɗaurin sifirin, da fula ta cire boris, da bais a kan teburin ƙarfe. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6 guda biyu, ɗaya bakin ƙofa. Duro na lita 200 na tara baƙin mai, kada ka zuba a kwata ya gangara Binuwai, akwai masu saye ma. Kwamfiresa ta lita 100 ta isa, ka riƙa tsiyaye ruwan tankinta kowace yamma. Ka tuna wutar arewa daga Lagdo take zuwa, in ruwa ya ja baya da bazara akan yi rabonta, kuma ƙaramin janareta na kVA 2 ba zai tayar da kwamfiresa mai doki biyu ba. Duk aikin da ka iya da iska ka tabbata kana da kayan yin sa da hannu.

Zan daɗe kaɗan a kan sifana mai awo, don yara na raina ta. Notin tayar Corolla Nm 103 ne. Yaro yakan sa bututu a sifana ya hau da ƙafa, ya kai ninki biyu ko uku. Ƙusar ta miƙe, faifan birki ya karkace, bayan wata ɗaya mai mota ya dawo yana cewa sitiyari na rawa in ya taka birki, ko ƙusa ta karye masa a hanyar Gider. Notin juye na injin 1ZZ, wato na Corolla, Nm 37 ne da sabon wosha, wanda ya wuce haka zaren kwanon mai yake ci. Ƙusoshin kan injin 1ZZ, wato kilas, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, a kai Nm 49, sannan a ƙara wa kowace kwata ɗaya na zagaye, digiri 90. Kafin nan a ɗora madaidaicin ƙarfe a fuskar kilas ɗin a zura fila, siririn ƙarfen awon tazara: in ya karkace fiye da milimita 0.05, a kai shi a goge. Wanda ya tsallake wannan zai sayi gasket sau biyu, na biyun daga aljihunsa.

Kwamfuta kuwa, a ganina ta jira wata uku.

Mai Wayarin, Marwa

Baba Tsohon Hannu, Allah ya ƙara girma, duk na yarda sai maganar ƙarshe. Kwamfutar ba ta jira. Ko da matsakaiciya ce, wadda ke karanta lambar ciwo, ta nuna abin da inji ke yi yana kunne, ya saye ta tun farko, in ya so ya rage girman kwamfiresa. Motocin da ke shigowa ta Duwala da Kwatano na Turai ne da Amurka, kuma tun 1996 a Amurka, tun 2001 ga masu fetur a Turai, 2004 ga masu gas, duk suna da soket ɗin nan mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Wanda ba ya iya shiga nan, lalube yake a duhu da kuɗin mai mota.

Amma ƙanena, ka riƙe wannan da kyau: kwamfuta ba ta cewa ga abin da za ka canza. Inda ciwon ya bayyana take nunawa. Misali Corolla ta zo da fitilar inji, ka karanta P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Masu gaggawa sai su canza sensar salansa, alhali ita ce ta kawo ƙarar. Ka bar injin ya yi zafi, ka duba ƙarin fetur da kwakwalwar motar ke yi. In a silo, wato inji na kunne ba a taka totur ba, ya haura kashi 10 ko 15 cikin ɗari, amma da ka kai gudun injin 2,500 sai ya sauko, iska ce ke sata ta wani wuri: robar da ke tsakanin filta da maƙogwaro ta tsage a cikin lanƙwasa, ko ƙaramin tiyo ya bushe ya fashe, ko gasket ɗin manifol ya saki. In kuwa ƙarin yana hawa ne yayin da ka taka totur, to fetur ne bai isa ba ko sensar iska ta yi ƙura. Sa agogo a layin fetur, ya kamata ka ga ba (bar, ma'aunin ƙarfin matsi) 3 zuwa 3.5. Sensar iska kuma ka ciro ta ka haska: za ka ga siraran wayoyi biyu a can ciki, hazo ya yi musu farin gashi. Feshin wanke lantarki ake sa mata a bar ta ta bushe, ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma.

In inji na tsalle ka ga P0302, silinda ta biyu ce ke ɓata wuta. Musanya kwayil ɗinta da na uku, share lambar, ka tuƙa. In ta koma P0303, kwayil ne. In ta tsaya, duba fulogi, wanda muke ce wa buji, sai nozul, sai kwamfireshan. A 1ZZ lafiyayye kusan ba 13 ne, kada ya gaza 10, kada bambanci tsakanin silindoji ya wuce ba 1. In ɗaya ta yi ƙasa, ɗiga mata baƙin mai kamar ƙaramin cokali ka sake: ya hau, ringi ne, bai hau ba, balb ne ko gasket. Minti ashirin ke nan, ka san gaskiya kafin ka sauke wa mutum inji.

Batir ma haka. Cikakke yana hutawa volt 12.6, in ka ga 12.2 rabi ne. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji na kunne ka ga 13.8 zuwa 14.5, ƙasa da haka altaneta ko bel ko waya, sama da 15 dafa batir yake yi. Motar da ke kwana ta tashi ba wuta, sa mita tsakanin kan batir da wayarsa bayan an rufe komai, in tana shan fiye da miliamfa 50 ka riƙa zare fis ɗaya ɗaya. Sau da yawa rediyon da aka ɗaura ne ko na'urar bin sawu da aka haɗa kai tsaye. Zafinmu yana cinye batir da wuri, amma ba kowane batir da aka jefar ne ya mutu ba, wani kan ne ya yi tsatsa.

Sai zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba da jarka na bakin hanya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuma litar gidan mai a Kamaru ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024, mutane kwalba ɗaya ko biyu suke zubawa su tafi. Famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake sanyaya jikinsa, tankin da kullum ke ƙasa yana kashe shi, ga yashi da ruwan jarka. Duk motar da ta zo tana shaƙewa, tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar a gaban mai ita. Ruwa zai kwanta a ƙasa, dattin ma zai gani da idonsa. In ka sa sabon famfo ba ka sauke tanki ka wanke ba, ba ka canza rariyarsa ba, to ka shirya sake sa wani.

Hilux da Hiace masu injin 2KD da 1KD sun fi rashin haƙuri da gas mai ruwa, domin ƙarfin da ke cikin layinsu ya wuce ba 1,000. Kada yaro ya sassauta bututun nozul inji na kunne kamar yadda ake yi wa tsofaffin injina irin 5L ko 1HZ, feshin yana huda fata. In ka cire nozul, sabon woshar tagulla dole ne kowane lokaci. Wanda ya mai da tsohuwa, hayaƙi zai bi ta gefenta ya dafa baƙin mai ya zama kwalta, ta toshe rariyar famfon mai, injin ya kama. Sabon nozul kuma yana da lamba a kansa da ake shigarwa a kwakwalwar motar, a nan ƙaramar kwamfuta ba ta iyawa, sai ka nemi mai babba ku yi lada. Bel ɗin taimin nasu kilomita 150,000 ne, kada ka kashe fitilar T-BELT ba ka canza shi ba ko mai motar ya roƙe ka.

Kuma ka karɓi kuɗin dubawa, ko gyaran bai zama naka ba.

Uwar Ɗakin Kaya, Ngaundere

Ƙanena, maza sun ba ka ƙarfe, bari in ba ka takarda, don amsar tambayarka ta ƙarshe a nan take. Garejin da ka ga cike da motoci maigidan ba ko sisi, je ka ƙirga nawa ne ake aiki a kansu yau. Biyu ko uku. Sauran matattu ne: wata an buɗe injinta mai ita bai kawo kuɗin kaya ba, wata an gama an hana ta fita saboda bashi, wata an cinye kuɗin kayanta a gyaran wata motar. Wannan na ƙarshen shi ne babban ramin. Mutum ya ba da 80,000 na kuloci, a taɓa 20,000 a yi cefane, 30,000 a ƙarasa aikin jiya, sai a jira wani ya kawo nasa a cike. Kullum kuɗi na shiga hannu, babu ko ɗaya na maigida.

Saboda haka aljihu biyu. Kuɗin kaya amana ne, ba ya kwana tare da kuɗin hannu. Buɗe lambar Orange Money ko MoMo dabam ta gareji, wadda ba a aika wa gida da ita. Kai kanka ka yanka wa kanka albashi, ka ɗauka ƙarshen mako, in ya ƙare ya ƙare.

Kuɗin hannu ba a kan fuskar mai mota ake yanke shi ba, lissafi ne. Ga misali, ka sa naka alƙaluman a wurin nawa. A ce haya 40,000 a wata, wuta da ruwa 20,000, abincin yara da ɗan abin sabulunsu 60,000, giris da tsumma da feshi da abin wanki 25,000, haraji da takardu 10,000, ajiyar sabunta kayan aiki 20,000, albashinka 125,000. Ya kama 300,000. Kana buɗewa kwana 26, amma kada ka ruɗi kanka da awa goma a rana. Cire sallah da cin abinci da zuwa kasuwa neman kaya da gwajin mota da hira da masu mota, abin da za ka iya sayarwa bai fi awa huɗu ba. Kusan awa 100 ke nan a wata, wato kowace awa 3,000 kafin ka ce ka ci riba. Ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda aikin da zai dawo ka sake kyauta, don dole wani ya dawo. To yanzu in canza birkin gaba awa ɗaya ne, kuloci awa biyar, ka san ƙasan da ba za ka sauka ba. Rubuta farashin ayyuka goma da aka fi kawowa a allo ka rataye. Mai kuɗi da talaka su ga abu ɗaya, ragin da za ka yi wa wani ya zama alheri ne da ka sani, ba asarar da ba ka lura ba.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Mota ta zo da ƙara a inji, ka ce kuɗin dubawa kaza ne, bayan na duba zan faɗa maka na gyara. In ka buɗe ka tarar da abin da ya fi wanda kuka yi magana, ajiye sifana, ɗauki hoto ka tura masa ta WhatsApp, sai ya amsa ka ci gaba. Rigimar gareji yawanci daga "ai ban ce ka yi ba" take tashi.

Kowace mota da shafinta a littafi mai kwafi biyu: kwanan wata, lambar mota, kilomita, yawan man da ke tanki, abin da mai ita ya ce da bakinsa, abin da aka tarar, kayan da aka sa da inda aka saye su, kuɗin kaya dabam, kuɗin hannu dabam. Zagaya motar tare da shi kafin ya tafi, ku ga ƙujewa da fashin gilashi, ku ƙirga safaya taya da jak da rediyo. Tsohon kayan da ka cire ka sa a leda ka ajiye masa a but. Abin ƙarami ne, amma shi ke kashe zargin an karɓi kuɗi ba a canza ba.

Ba a buɗe inji sai kuɗin kaya ya cika a hannu. A rubuta a takardar cewa motar da aka gama ta wuce mako ɗaya ba a ɗauka ba, akwai kuɗin kwana kullum. Bashi kuwa hanji ne, ba za ka ce ba ka bayarwa sam ba a garin da kowa ɗan'uwa ne, amma ka bayar a kuɗin hannu kawai, ba a kaya ba, kuma wanda bai biya na farko ba babu na biyu. Kamfanoni da ƙungiyoyi masu motoci da yawa suna da daɗin suna, sai dai wasu sai bayan wata biyu ko uku suke biya. Da jarinka, ɗaya daga cikinsu ya isa ya durƙusar da kai. Ka bari sai ka yi ƙarfi.

Su ɗin ma ba za su kula ka ba sai da takardu. Ka nemi lambar mai biyan haraji, NIU, ka je ofishin magajin garin yankinka ka san ajin da kake, kuma akwai ofishin buɗe kamfani na CFCE a nan Garwa. Kowane rasit ka adana. Ranar da ka ɗauki ƙwararren ma'aikaci, ba ɗan koyo ba, ka san mafi ƙarancin albashi a wannan fanni 60,000 ne tun 2023, da rajistar CNPS, hukumar inshorar ma'aikata.

Sabon Gareji, Garwa

Na gode ƙwarai Baba, na gode yayana, na gode Hajiya, na kwafe lissafin nan a littafi. Saura biyu. Mai mota ya zo da kayansa a leda ya ce in sa, in ya lalace kuma ni zai zaga a gari. Na biyu, kusan kowa in bazara ta kama sai ya ce a cire masa tamostat a haɗa fanka kai tsaye. In na ƙi, gaba zai yi.

Tsohon Hannu, Garwa

Na karɓi gyaran Mai Wayarin a kan kwamfuta, zamaninku ne.

Kayan leda ka sa, amma ka rubuta a takardarsa cewa shi ya kawo, garantinka a kan ɗauri ne kawai, in ya mutu kuɗin sake aiki nasa ne. Akwai huɗu da ban yarda ka sa ba in ba ka san asalinsu ba: bel ɗin taimin, kayan birki, ƙwallon mahaɗin ƙafar mota da na sitiyari, da filtar gas ta 2KD. Waɗannan in sun ba da kai, rai ne ko inji. Kwali ba shaida ba ne, jabu ma da sunan Toyota yake zuwa. Ɗora sabon kusa da tsohon, ka ji nauyinsu a hannu, ka leƙa cikin filta ka ga yawan ninkin takardarta. Kayan Beljik na asali sukan fi sabon jabu a irin su sitata da altaneta da giyabos, amma roba da bel da shoka da famfon ruwa ba a sayen na hannu. Ka riƙe dillali biyu da ke karɓar mayarwa, kuma ka aika da lambar shasi, ba "na Corolla" kawai ba.

Tamostat, wanda wasu ke ce wa kalosta, ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale, kuma gwada shi ba wuya. Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta mai motar na kallo: tsakanin digiri 80 da 84 zai fara buɗewa, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe kusan santimita ɗaya. In ya yi haka lafiyarsa lau, mai da shi, ɗan ramin iskarsa na sama. A injina da yawa shi ne kuma ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in ya buɗe, in ka cire shi wani ruwan zagayawa zai riƙa yi cikin inji bai shiga lagireto ba. Da sanyin Disamba kuma injin ba zai kai zafinsa ba, kwakwalwa ta yi ta ƙara fetur, ya wanke silinda, ya shiga baƙin mai.

Mai laifin ka neme shi a wani wuri. Kwance lagireto ka leƙa tsakaninsa da na iyakwandishan: ƙura da ƙaiƙayi da furen auduga sukan yi tabarma a wurin, daga waje ba a gani. Wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Duba murfin, 0.9 ko 1.1 ne a rubuce a kansa, in robarsa ta mutu ruwa zai tafasa a digiri 100, alhali da murfi mai kyau sai wajen 120. Sa famfon gwaji ka ga ko allura na sauka. A Hilux da Hiace, kashe injin yana da zafi ka juya fanka da hannu, in ta yi ta juyawa sakaka man cikinta ya ƙare. Sannan ruwan rijiya da ake ɗurawa shi ke gina farin dutse a bututun ciki. Wanke, ka zuba ruwan sanyaya inji kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ragowar tataccen ruwa irin na batir. In bayan duk wannan kana ganin kumfa na tasowa a wuyan lagireto inji na kunne, gasket ya riga ya tafi, faɗa masa tun yanzu.

Motar da ke bin hanyar Ngaundere kuma kada ta fita hannunka ba ka dubi man birkinta ba. Yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, kuma gangaren dutsen nan na wajen Mbe da cikakkiyar Hiace ya isa ya kai shi can, feda ta tafi ƙasa. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo daga rufaffiyar kwalba. Takalmin birki in ya rage milimita 3 a canza, ɓangare biyu tare.

Yaranka su yi aikin, amma notin taya da notin juye da matakin mai da ruwa, kai za ka bi su da hannunka kafin a miƙa makulli, sannan ka tuƙa ta aƙalla kilomita biyar har fanka ta tashi ta tsaya. Dawo ka ajiye ta a kan simintin minti goma ka leƙa ƙasa. Rubuta kilomitan juye na gaba a ɗan kati ka rataya jikin sitiyari, a ƙurarmu 5,000 ne, kuma ka sa lambar wayarka a bayan katin.